Ɗanɗanon Ceri: Fim Ɗin Da Ya Raba Kan Masana, Muma Ya Raba Namu

 

A watan Mayun 1997, a bikin fina-finai na birnin Cannes da ke kudancin Faransa, wasu Amurkawa uku masu sharhin fim suka kalli fim guda. Da suka haɗu a otal bayan an tashi, biyu daga cikinsu, Jonathan Rosenbaum da Dave Kehr, suka ce yau kam sun ga gwanintar da ba a cika samun irinta ba. Na ukun, Roger Ebert, ya ce shi bai ga komai ba sai gundura. Kuma ba ɗan koyo ba ne, domin shi ne mai sharhin fim na farko da ya ci kyautar Pulitzer, tun a 1975. Da ya zo rubuta ra'ayinsa a jaridar Chicago Sun-Times sai ya ba fim ɗin tauraro ɗaya tak cikin huɗu. Su kuwa alƙalan bikin, ƙarƙashin jagorancin jarumar Faransa Isabelle Adjani, sai suka miƙa wa fim ɗin Palme d'Or, kyautar da babu ta sama da ita a wurin, aka raba ta tsakaninsa da wani fim na Shohei Imamura ɗan ƙasar Japan.

Fim ɗin na Abbas Kiarostami ne, mutumin Iran, wanda aka haifa a Tehran a 1940 ya rasu a Paris a 2016. Sunansa da Farisanci Ta'm-e Gilas, Turawa suka fassara shi Taste of Cherry, mu kuma a nan za mu kira shi Ɗanɗanon Ceri. Ceri wani ɗan itace ne ja, ƙarami, mai ƙwallo a ciki, girmansa bai wuce na kanya ba. Yana cikin rukunin fina-finan da ake kira na fasaha, waɗanda ba don cika aljihu a gidan sinima ake yin su ba. A bukukuwan baje koli ake nuna su, ɗalibai su yi nazarinsu, masu sharhi su yi ta cacar baki a kansu. Galibi ba ka ganin faɗa ko rawa a ciki, kuma idan ka kunna wa ƙanenka a waya, kafin minti goma ya miƙo maka abarka.

Mu ba masana fim ba ne. Ɗan abin da muka samu difloma ce ta kwalejin fasaha, ita ma ba a wannan fanni ba. Abin da ya ja mu ga wannan gardama shi ne tambayar da ke ƙarƙashinta tambayar masu rubuta labari ce: me ya wajaba ka faɗa wa mai karatu, me kuma kake da ikon hana shi?

Ga labarin, ga wanda bai kalla ba. Wani magidanci mai matsakaicin shekaru, ana ce masa Badi'i, yana yawo cikin motarsa Range Rover a gefen birnin Tehran, inda ake ta fasa tsaunuka ana gine-gine, ko'ina ƙura da jar ƙasa. Yana leƙa fuskokin leburorin da ke jiran a ɗauke su aiki, yana wucewa. Yana neman mutum ɗaya ne da zai yi masa wani aiki a kan kuɗi mai tsoka, tuman 200,000. Sai an yi nisa kafin mu san aikin. Ya riga ya yanke shawarar kashe kansa a daren nan, ya kuma tanadi rami a gindin wata 'yar bishiya a kan tudu. Abin da yake so, wani ya zo da ƙarfe shida na safe ya kira sunansa sau biyu. Idan ya amsa, a kama hannunsa a fito da shi. Idan bai amsa ba, a zuba masa ƙasa cikin shebur ashirin, a ɗauki kuɗin a tafi.

Mutum uku ya ɗauka a motar. Na farko wani yaro ne Bakurde mai aikin soja na dole, mai kunya, wanda da ya fahimci abin da ake nufi sai ya buɗe ƙofa ya gangara tudu da gudu. Na biyu ɗalibin addini ne ɗan Afghanistan, ya saurara da ladabi, ya tunatar da shi cewa Alƙur'ani ya hana mutum kashe kansa, ya ƙi aikin, ya kuma gayyace shi su je su ci wainar ƙwai da abokinsa mai gadi ya soya. Na uku wani dattijo ne Baturke daga cikin Turkawan Iran, Bagheri, wanda sana'arsa gyaran fatun tsuntsaye da dabbobi ana cusa musu kaya a ajiye a gidan tarihi. Shi ya yarda, saboda yana da yaro marar lafiya kuma yana bukatar kuɗin magani. Amma tun daga kan tudun har cikin gari bai yi shiru ba. Ya sa Badi'i ya bi wata hanya mai nisa saboda ta fi kyau. Ya ba shi labarin cewa shi ma yana saurayi ya taɓa fita da asuba da irin wannan niyya, ya hau wata bishiyar tut, hannunsa ya taɓa nunannun 'ya'yanta, ya ci ɗaya, ya ƙara, rana ta fito, yara 'yan makaranta suka zo suka ce ya girgiza musu bishiyar, ƙarshe dai ya ɗebi tut ya koma gida wurin matarsa. Sannan ya tambaye shi, a taƙaice, ko ya shirya rabuwa da ganin fitowar rana da ɗanɗanon ceri.

Daga nan dare ya yi. Badi'i ya hau tasi ya koma tudun, ya kwanta a ramin, yana kallon wata gajimare na rufe shi, ana tsawa, allo ya yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci. Ba mu san ko ya aikata ba. Kuma daga farkon fim har ƙarshensa, kimanin awa ɗaya da rabi, ba a taɓa gaya mana dalilinsa ba. Ba mu san ko bashi ne ba, ko mace ce, ko ciwo, ko mutuwar wani nasa.

Kafin ma a kai ga gardamar fasaha, fim ɗin ya sha wata gardamar a gida. Saura ƙiris hukumomin Iran su hana shi fita zuwa Cannes. Dalilin da aka bayar a hukumance shi ne ba a fara nuna shi a bikin Fajr na Tehran ba kamar yadda ƙa'ida ta tanada, amma kowa ya san batun kashe kai a ƙasar da malamai ke mulki ba ƙaramin abu ba ne. A ƙurarren lokaci aka sake shi. Da ya ci kyautar kuma, jarumar Faransa Catherine Deneuve da ta miƙa masa ta sumbace shi a kumatu a gaban kyamarori, sai masu ra'ayin mazan jiya a Iran suka yi ca a kansa. Ga kuma wani zargi da ya daɗe yana binsa daga wasu 'yan ƙasarsa, cewa fina-finansa na Turawan bukukuwa ne, yana nuna musu ƙauyawa da talakawa da ƙura saboda abin da suke so su gani ke nan. Za mu dawo kan wannan zargi, don bai kamata a share shi da tafin hannu ba.

To mene ne ƙorafin Ebert? Ya kamata a yi masa adalci, domin masu son fim ɗin sun cika mai da shi wani bagidaje da bai iya kallon abu mai nutsuwa ba, alhali ya yaba wa fina-finai masu tafiyar hawainiya da yawa a rayuwarsa. Hujjarsa ita ce, idan ana so mu tausaya wa Badi'i, ai sai mu san wani abu game da shi, ko da kaɗan ne. A ganinsa jan lokacin da Kiarostami yake yi, mota tana ta kewaya tudu ana hango ta daga nesa kamar ƙwaro, ƙaƙale ne kawai, labarin bai bukace shi ba kuma bai amfana da shi ba. Ya kuma ƙi jinin yadda farkon fim ɗin yake barin mai kallo ya yi zaton mutumin nan neman samari yake yi da wata mummunar manufa, sannan daga baya a nuna ba haka ba ne. Ƙarshen fim ɗin ma bai burge shi ba ko kusa.

Watanni kaɗan da suka wuce muka kalli fim ɗin a zaman ƙungiyarmu ta marubuta, a kwamfutar wani ɗan uwa, da fassarar Turanci a ƙasan allo. Ba mu kai rabi ba mutum biyu suka tuna suna da uzuri. Waɗanda suka rage kuwa, da aka gama, gardamar da ta kaure kusan ita ce ta otal ɗin Cannes, alhali mafi yawanmu ba su taɓa jin sunan Ebert ba a lokacin.

Wata 'yar uwa, wadda ta fi mu duka yawan masu karatu a intanet, ta ce wannan rainin hankali ne. Ta ce idan ta rubuta babi talatin jarumarta tana kuka ba ta faɗi abin da aka yi mata ba, masu karatunta za su yi mata ruwan zagi, kuma suna da gaskiya. Ta ce labari amana ne: na ba ka lokacina, ka ba ni dalili. Wani dattijo a cikinmu, da muke kira Baba Malam, damuwarsa daban ce. Ya ce abin da ya tsaya masa a rai shi ne an kawo ɗalibin addini ya yi maganar aya bai yi tasiri ba, sannan aka kawo mai gyaran fatar tsuntsu ya yi maganar ɗan itace ya girgiza mutumin. Ya ce wannan saƙo ne a fakaice, cewa tut ya fi nassi aiki.

Mun daɗe muna juya maganganun nan biyu, kuma ra'ayinmu a kan kowace ya fita daban.

Mu fara da ta 'yar uwarmu, wadda ita ce ta Ebert. Ku ɗauka Kiarostami ya ba mu dalilin. A ce a minti na ashirin Badi'i ya ce kasuwancinsa ne ya karye, ana binsa bashi. Me zai faru a zuciyar mai kallo? Nan take zai zama alƙali. Wanda ya taɓa karyewa ya tashi zai ce, a kan wannan ne? Wanda bai taɓa riƙe kuɗi ba zai ce, mai Range Rover ma yana kuka, mu mu ce me? A ce kuma ɗansa ne ya rasu: sai wasu su ce to wannan kam da dalilinsa, wanda shi ne mafi muni, don fim ɗin ya zama ya halatta abin ke nan. Kowane dalili aka bayar, hankalinmu zai bar mutumin ya koma kan awon dalilin, ya kai ko bai kai ba. Da aka hana mu, ba mu da sikelin da za mu ɗora shi. Abin da ya rage a gabanmu mutum ne mai rai da yake so ya daina rayuwa, da kuma tambayar me za mu ce masa idan mu ne a kujerar gefen direba. Shi kansa Badi'i ya gaya wa ɗalibin nan cewa ko ya yi bayani, zai iya fahimta, zai iya tausayawa, amma ba zai ji abin da yake ji ba.

Akwai wani abu game da yadda aka ɗauki fim ɗin da ya ƙara mana ƙarfin wannan fahimta. A hirarrakin cikin mota ba ka ganin Badi'i da fasinjansa a hoto ɗaya. Kyamara tana kan wannan, sai ta koma kan wancan. Dalili kuwa, ba tare aka ɗauke su ba. Kiarostami ne da kansa yake zama a ɗaya kujerar yana hira da kowannensu, daga baya aka haɗa. Shi ma Homayoun Ershadi da ya fito a Badi'i ba ɗan fim ba ne a lokacin, mai zanen gine-gine ne, a cunkoson motoci Kiarostami ya hango shi zaune a motarsa. Sakamakon wannan dabara shi ne duk lokacin da Badi'i yake magana, daga kujerar fasinja muke kallonsa. Mu yake roƙo. Ga kuma kaɗaicin da ke fitowa daga rashin ganin mutum biyu a wuri guda ko da suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya ce salon bai yi wa labarin aikin komai ba, a nan muna ganin bai duba da kyau ba.

Ita ma tafiyar hawainiyar tana da abin da take saya. Akwai inda tayar motar ta zame daga gefen hanya, sai ga leburori sun taso daga ko'ina, suna dariya, suka ɗaga motar suka mai da ita kan hanya, ba wanda ya roƙe su. Akwai inda Badi'i ya zauna a wurin da ake juye ƙasa daga manyan motoci, inuwarsa tana kan tarin ƙasar, ƙasa tana zuba a kanta, ƙura ta lulluɓe shi har wani ma'aikaci ya zo yana tambayarsa ko lafiya. Ba a ce komai ba, amma mun ga mutum yana kallon jana'izarsa. Fim mai sauri ba shi da wurin ajiye irin waɗannan. Sannan bayan dattijon ya sauka, Badi'i ya juyo da mota a guje, ya bi shi har wurin aikinsa inda yake koya wa ɗalibai feɗe salwa, ya ce masa idan ya zo da safe ya jefa 'yan duwatsu biyu a ramin, ya girgiza kafaɗarsa sosai, wataƙila barci ne kawai ya ɗauke shi. Wannan shi ne karo na farko da muka ga mutumin nan yana gudu. Da ba mu shafe awa guda muna kallon fuskarsa a daskare ba, da wannan ɗan gudun bai zama komai ba.

Maganar Baba Malam ta fi wuya, kuma ba ma so mu wuce ta da sauri. Babu musu a kan hukuncin: kashe kai haramun ne, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i a bayyane take, kuma fim ɗin bai sa kowa ya ƙaryata hakan ba. Badi'i ma ya amsa cewa ya san babban zunubi ne. Ba a kuma wulaƙanta ɗalibin ba. An nuna shi mai hankali, mai tausayi, wanda bai ɗaga murya ba, bai tsine wa mutumin ba, ya ma kira shi cin abinci. Abin da aka nuna shi ne yaro ne, ya san hukunci amma bai taɓa tsayawa a bakin ramin da kansa ba. Dattijon ya taɓa tsayawa. Idan kuma aka saurari abin da yake lissafawa, fitowar rana, faɗuwarta, wata, taurari, ruwan marmaro, 'ya'yan itacen da kowane yanayi na shekara yake zuwa da su, za a ji ai ni'imomin Ubangiji yake ƙirgawa, har ya kwatanta cewa babu uwar da take tanadar wa 'ya'yanta abin da Allah yake tanadar wa bayinsa. Duk wanda ya saba jin Suratur Rahman ya san wannan hanya ta tunatarwa. A fahimtarmu, ba tut aka ɗora a kan nassi ba. Mutum biyu ne suka zo da saƙo ɗaya, ɗaya ya zo da shi ta ƙofar hani, ɗaya ta ƙofar ni'ima, kuma wanda zuciyarsa ta riga ta ƙuntata ya fi jin ta biyun.

Wannan ba gardamar nishaɗi ba ce a wurinmu. A unguwanninmu idan irin wannan abu ya faru, tambayar farko da ake yi ita ce me aka yi masa, ta biyu kuma ita ce a kan wannan kawai? Mai ciwon damuwa sau da yawa ba shi da dalilin da zai gamsar da majalisa, shi ya sa yake yin shiru. Ciwo ne da likitoci suka sani kuma suke da maganinsa, kuma wanda yake ɗauke da shi a cikinmu ya cancanci a saurare shi a raka shi asibiti kafin a fara tambayarsa hujja. Mu da muke rubuta labarai muna da hannu a cikin wannan ɗabi'a. Duba littattafanmu: duk jarumar da ta shiga wannan hali sai an jero mata auren dole, da kishiya, da sharrin uwar miji, har mai karatu ya ce ai dole. Ba da gangan ba, muna koya wa mutane cewa baƙin ciki sai da takardar shaida.

Sai ƙarshen fim ɗin, wanda ya raba kan har masoyansa. Bayan allon ya yi baƙi, sai hoto ya dawo, amma wani iri, mai dishi-dishi, na ƙaramar kyamarar bidiyo. Tudun nan dai ne, amma yanzu ya yi kore shar. Ga Kiarostami da ma'aikatansa da kayan aiki. Ga Ershadi yana tafe lafiya lau, ya miƙa wa daraktan sigari. Aka ce wa sojojin da ke atisaye an gama ɗauka su huta, suka zauna a ciyawa suna wasa da furanni, ana busa wani tsohon kiɗan Louis Armstrong. Shi ke nan. Ebert ya ga wannan a matsayin tsohuwar dabarar tuna wa mai kallo cewa fim yake kallo, abin da kowa ya riga ya sani. Rosenbaum kuwa ya kare shi da ƙarfi, yana ganin idan aka cire shi an kashe fim ɗin.

A nan mu kanmu ba mu zama baki ɗaya ba. Wasunmu suna ganin darakta ya tsere ne, ya kai mu bakin rami ya bar mu ya koma yana shan sigari. Wasunmu kuma suna ganin babu wata mafita da ta fi wannan. Idan Badi'i ya mutu, maganar dattijo ta tashi a banza kuma fim ɗin ya zama wa'azin yanke ƙauna. Idan aka nuna shi ya fito da safe yana murmushi, ya zama tallan ɗan itace, kamar ciwon shekaru yana warkewa da hirar minti goma sha biyar. Sai Kiarostami ya ƙi duka biyun, ya fito da mu daga duhun zuwa cikin mutane da ciyawa da rana, wato ainihin abubuwan da dattijon ya lissafa. Mun fi karkata ga wannan fahimta ta biyu, amma ba za mu ce wanda ya ji haushi bai da hujja ba, domin an ɗauke shi awa ɗaya da rabi ana sa shi ya damu da mutum, sannan a ce masa ai wasa ne.

Inda muke ganin Ebert ya yi daidai shi ne farkon fim ɗin. Barin mai kallo cikin mummunan zato na kusan minti ashirin bai ƙara wa batun komai ba a ganinmu. Ɓoye dalilin Badi'i yana da aikin da yake yi har ƙarshe, amma ɓoye abin da yake nema wasa da hankali ne na ɗan lokaci, irin wanda muke yi a ƙarshen babi don a jira na gobe. Kuma zargin 'yan ƙasarsa ma yana da ƙamshin gaskiya ta wani gefen, ko da bai dace da shi Kiarostami ɗin ba, mutumin da ya shafe shekaru tun daga 1970 yana yi wa yaran Iran fina-finai a wata cibiyar gwamnati kafin Turai ta san da shi. Gaskiyar ita ce bukukuwan Turai suna da irin abin da suke so daga ƙasashe irin namu, kuma da zarar wani salo ya ci kyauta sai masu kwaikwayo su taso: a sa mutum ya yi ta tafiya a ƙura, kada ya yi magana, a ƙare ba a ƙare ba. Palme d'Or ba hujja ba ce a kan cewa fim yana da kyau, kamar yadda tauraro ɗaya na Ebert ba hujja ba ce a kan cewa ba shi da shi. Alƙalai ƙalilan ne suka zauna a ɗaki suka zaɓa, kuma a shekarar ma kasa tsayawa a kan ɗaya suka yi.

Wannan ne ya kawo mu kan abin da muke tsoro idan irin wannan fim ya shiga hannun sabon marubuci. Mun fara ganin gajerun labarai a gasanni da zaurukanmu waɗanda suke ƙarewa a tsakiyar hanya, idan ka tambayi mai shi me ya faru da jarumar sai ya ce ai na bar wa mai karatu. Sau da yawa ba bari ya yi ba, shi ma bai sani ba ne. Alamar da muke gane bambancin da ita ita ce abin da ya rage bayan an cire. Kiarostami ya cire dalili ɗaya, amma dubi abin da ya bari: mun san adadin kuɗin, da ƙarfe nawa za a zo, da sau nawa za a kira suna, da shebur nawa za a zuba. Mun san daga ina kowane fasinja ya fito da abin da yake ci da shi. Mun san Badi'i ya ƙi cin wainar ƙwai saboda wai ƙwai ba ya yi masa daɗi a jiki, mutumin da yake cewa ba zai kai gobe ba. Ramin da ke tsakiyar labarin ɗaya ne, kuma an gina duk abin da ke kewaye da shi da ƙarfi don ramin ya fito. Wanda labarinsa duk ramuka ne, babu bango, ba abin da ya ɓoye.

Ita ma 'yar uwarmu ba mu ce ta bar salonta ba. Masu karatunta suna bin ta babi bayan babi saboda tana cika musu alkawari, kuma wannan gwaninta ce da yawancin masu yi mata kallon raini ba su da ita. Mun san yadda aka yi wa littattafan Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da tsararrakinsu laƙabin adabin kasuwar Kano a shekarun 1990, aka yi ta muhawara a jaridu ko sun cancanci a kira su adabi, yau ga shi ana rubuta kundayen digiri a kansu. Waccan gardamar da wannan 'yan gida ɗaya ne, sai dai a can an raina abu saboda jama'a suna sonsa, a nan kuma ana zargin abu saboda jama'a ba sa sonsa.

Abin da muka roƙe ta shi ne gwaji ɗaya. A littafin da take kai yanzu akwai babin da jarumarta take zaune a tsakar gida bayan an kawo mata labarin da ya karya ta, kuma ta rubuta shafi huɗu na abin da ke yawo a zuciyarta. Muka ce ta cire shafukan huɗu ta ajiye a gefe, ta bar mu da abin da hannun yarinyar yake yi da tsintsiyar da ke gabanta, da abin da maƙwabciyar da ta shigo aron turmi ta ce mata. Ta ce za ta rubuta duka biyun ta kawo zama na gaba a karanta a fili, amma ta riga ta gaya mana wanda za ta saka wa masu karatunta, kuma mai shafi huɗun ne.